Mudun 'Yardaji Ba Ya Auna Bagega: Sharhi Kan Littafin Hausaland Divided

Tun shigarmu aji biyu aka ɗora mana karatun wani littafi mai suna Hausaland Divided, wanda wani shaihun malami Ba'amurke, William Miles, ya fitar a 1994. Na karanta shi a makaranta, na kuma sake bitarsa a gida Gummi lokacin hutu, to a karatu na biyun nan ne na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. In na yi kure malamaina su gyara mini, ɗan koyo ba ya rasa tuntuɓe.

Dabarar malamin abar yabo ce. Ya zaɓi ƙauyuka biyu na Hausawa maƙwabtan juna, watau 'Yardaji ta ƙasar Daura a Nijeriya da Yekuwa ta yankin Magarya a Nijar. Harshe ɗaya, addini ɗaya, ga auratayya, ba abin da ya raba su sai iyakar da Ingilishi da Faransi suka shata. Ya zauna da mutanen, ya ji Hausa, sa'an nan ya gwada sarautarsu da makarantunsu da abin hannunsu. A taƙaice ya tarar 'Yardaji ta fi walwala da kuɗi da boko, Yekuwa kuwa ta fi talauci da shakkar hukuma, ya kuma danganta kaso mai yawa na wannan bambanci da irin mulkin da Turawan biyu suka yi. Wanda ya taɓa jin tsofaffin Nijar na ba da labarin aikin tilas na zamanin Faransi ba zai yi masa musu ba.

Inda na rabu da littafin, ko kuwa in ce da yadda mu ɗalibai muke haddace shi, shi ne wajen ɗaukar 'Yardaji a matsayin madubin Hausawan Nijeriya duka.

Da farko akwai maganar lokaci. Malamin ya yi yawancin bincikensa ne a shekarun 1980, kuɗin man fetur bai gama ƙarewa a aljihun mutane ba, shirin firamare kyauta na 1976 ya cika ƙauyuka da azuzuwa, kuma a 1983 naira ɗaya ta fi dala ɗaya a farashin gwamnati. A 2024 kuwa sefa dubu ta haura naira dubu biyu. Tun 2019 dubban mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi gudun 'yan bindiga, watau daga ɓangaren arziki aka gudu zuwa ɓangaren talauci. Ba laifin malamin ba ne, bai san gaibu ba. Amma fa in bambancin nan gadon Turawa ne zalla, yaya aka yi ya juye cikin shekara arba'in?

Na biyu, wanda ya fi ci mini rai, shi ne mulkin Ingilishi da ake cewa ya girmama sarakuna. Waɗanne sarakuna? A Daura gaskiya ne, don Turawa ne ma suka mayar da gidan sarautar Haɓe kan gadonsa. Amma zo Anka. Gidan Sarkin Zamfara, wanda ya yi ta ƙaura tun bayan da Gobirawa suka ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18 har ya zauna Anka, hakimi kurum aka ɗauke shi a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Haka Gummi. Harajinmu can ya nufa, can kuma ake yanke inda za a gina makaranta da inda hanya za ta bi, kuma ba mu sami jiharmu ba sai 1 ga Oktoba 1996. Ashe mulki guda ne, amma ɗanɗanonsa a bakin Badauri daban, a bakin Bazamfare daban. Mai gwada ƙasa da ƙasa ba ya ganin wannan, don idonsa na kan iyakar da ke bisa taswira, alhali iyakar da ta fi shafarmu ita ce tsakanin hedkwatar lardi da gundumomin da ke bayan gari. (Abin takaici, tarihin Zamfara da Kurt Krieger ya tattara a Anka ya fito ne da Jamusanci a 1959, mu jikokin masu ba da labarin ba mu iya karanta shi.)

Sai kalmar arziki kanta, wadda malamin ya kafa ta kishiyar talauci. A wajajen 2009 zinariya ta yi tsada a duniya, matasan Anka da Bukkuyum suka bar gona suka faɗa rami. Kuɗi sun shigo ƙwarai, an sayi babura, an yi rufin kwano, an yi aure. Duk wanda ya zo da takardar ƙirga kayan gida a shekarar nan, da ya rubuta cewa Bagega da Dareta da 'Yargalma sun ci gaba. Amma dutsen na ɗauke da dalma. Ana kawo shi cikin gida, mata na daka shi a turmi, ana niƙa shi a injin niƙan hatsi, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. A 2010 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta gano abin da ke faruwa, yara fiye da 400 suka rasu. Bagega ba a fara kwashe mata gurɓatacciyar ƙasa ba sai 2013, saboda jinkirin kuɗin gwamnatin tarayya. To a wane ɓangare za a sa Bagega, arziki ko talauci? Ga kuma inda ilmi ya shigo: ba yawan azuzuwa ne abin tambaya ba, a'a, shin cikin garin akwai mutum ɗaya da boko ya kai shi ga sanin cewa ƙurar nan guba ce? Haka kuma ƙirga makarantu bai gaya maka kome ba a jihar da aka rufe su a 2021 saboda satar ɗalibai.

A nawa ganin, da za a sake irin wannan aiki, Bagega ya kamata a gwada da Ɗan Isa ta jihar Maraɗi, inda ramin zinariya ya rufta da mutane a Nuwamba 2021, aƙalla 18 suka mutu. Ina zaton za a tarar sun fi kama da juna bisa ga yadda kowace ta yi kama da babban birnin ƙasarta, kuma a nan ne za a gane abin da ya rage na Ingilishi da Faransi, da abin da yake namu.

Sai dai wa zai yi aikin? Malam Miles doki ya saya yana kai da komowa tsakanin ƙauyukansa biyu, ba mai tare shi. Ni kuwa da na ce zan bi ta Daki Takwas in sauka Anka, in nemi mashin zuwa Bagega don aikin kundina, inna ta ɗauke jakata ta kulle a ɗakinta, ta ce in koma in gaya wa malamin ya canja mini batu.