Ɗan Fashin Teku da Maharin Tudu: Matsayin Yaro a Treasure Island da Shaihu Umar

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta dubi labarin kasada na ƴan fashin teku, irin wanda ake rubuta wa yara ƴan shekara 9 zuwa 13. Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram a 1973 ake fama da tambayar abin da ɗalibi zai karanta da Hausa bayan ya ƙware da baƙi da wasali, kuma fassara ce hanyar da ta fi saurin zuwa a rai. Manufarmu ita ce mu nuna cewa wahalar kawo wannan nau'i ga yaran Ƙonni, Malbaza da Illela tana ga wurin da labarin ya tsayar da yaro. Rashin teku a ƙasar Hausa ƙaramar matsala ce. Za mu kwatanta Treasure Island na Robert Louis Stevenson (1883), wanda masu karatun Faransanci suka sani da L'Île au trésor, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa (1934), ɗaya daga littattafan gasar da Rupert East ya shirya a 1933.

2.0 Kamanci a zubi

Littattafan biyu sun yi tarayya a abubuwa da dama. Kowane tauraro da bakinsa yake ba da labarin ƙuruciyarsa. Jim Hawkins da Umar duk sun rasa uba da wuri, duk sun rabu da uwa, kuma kowane ya shiga hannun wani babba baƙo: Long John Silver ga Jim, Abdulkarim Balarabe ga Umar. Abin da teku yake ga na farko shi ne hamada ga na biyu. Jirgin Hispaniola yana daidai da ayari, guguwar rairayi kuwa ta tsaya a matsayin hadarin ruwa. Saboda haka ɗan Ƙonni ba zai ɓata a cikin tsarin Stevenson ba.

3.0 Bambanci a matsayin tauraro

Jim yana cikin masu neman dukiya. Shi ya ɗauko taswira daga akwatin Billy Bones, shi ya ji ƙulle-ƙullen Silver daga cikin gangar tuffa, kuma a ƙarshe ya sami rabonsa. Umar kuwa shi kansa ne dukiyar: an sace shi yana ƙarami, ya bi hannu-hannu har Kano, daga nan aka ƙetara da shi zuwa Ber Kufa. Mahaifiyarsa ta fita nemansa, ita ma ta faɗa bauta, ba su sake haɗuwa ba sai a Tarabulus, dab da rasuwarta.

Wannan bambanci shi ke hukunta yadda mai karatu yake kallon ɗan fashi. Silver mutum ne mai daɗin baki, ga dabara, ga aku a kafaɗa, kuma marubucin ya bar shi ya sulale da jakar kuɗi ba tare da hukunci ba. Abin ya yiwu ne domin waɗanda aka ƙwace wa dukiyar Flint ba su da suna ko fuska a littafin. Gaskiya ne Jim ya tuna da jinin da aka zubar wajen tara ta sa'ad da ya gan ta a kogon Ben Gunn, amma tunanin bai wuce ƴan layuka ba.

Tarihi yana cike giɓin. Birnin Bristol, inda Hispaniola ya tashi, babbar tashar cinikin bayi ce a ƙarni na 18. Silver ya ambaci mutanen Roberts da aka rataye a gaɓar Afirka ta Yamma; wannan ya faru a Cape Coast a 1722, kuma a farkon shekarar Bartholomew Roberts ya sa an ƙone wani jirgi a Wida da bayi a ɗaure cikinsa. Ke nan waɗanda Stevenson ya bari a bayan fage su ne Tafawa Ɓalewa ya fito da su tsakiyar fili.

Shaihu Umar ma ba a rasa shi da abin suka. Makau, mijin uwar Umar, mahari ne da aka nuna a matsayin mutumin kirki, alhali Gwarawan da aka kai wa hari ba su sami baki a labarin ba. Haka kuma kyautatawar Abdulkarim ta sassauta zafin bautar.

4.0 Mai karatu na yankin Ƙonni

Fashi ba tatsuniya ba ce a wannan yanki. Ayarin Voulet da Chanoine ya yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi a 1899. Daga 2019 dubban mutane sun tsere wa ƴan bindiga daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa Nijar, kuma a watan Oktoba na 2020 an sace wani Ba'amurke a Masallata, kusa da Ƙonni. Kalmar Faransanci pirate tana da ƙanshin wasa da nisan zamani a kunnen yaron Turai. "Ɗan fashi" ba ta da ko ɗaya. Suna ne na wanda ake tsoron ya zo da dare. Mai fassara da ya riƙe kalmar zai rasa annashuwar littafin, wanda ya sassauta ta kuma ya yaudari yaron.

5.0 Kammalawa

Ba mu ga dalilin hana yara Treasure Island ba. Littafi ne mai jan hankali, kuma Silver darasi ne a kan mugu mai fara'a, wanda sanin irinsa zai amfani yaron kan iyaka. Shawararmu ita ce a karantar da shi tare da Shaihu Umar, malami ya sa ɗalibai su binciko mai asalin dukiyar a kowane littafi. Ga marubutan Hausa masu sha'awar wannan nau'i kuwa, sauran aiki shi ne ƙaga labarin kasada mai saurin Stevenson wanda a cikinsa yaron da aka sace zai kuɓuta da wayonsa, abin da Umar bai samu ba, domin shi ƙaddara ce ta yi ta ɗaukarsa daga hannu zuwa hannu.