Ƙaramar kyamara mai fim: abin da ta iya da abin da ta gaza

A shekarar 1972 kamfanin Olympus na Japan ya fito da kyamarar da daga baya aka sani da OM-1, ƙirar Yoshihisa Maitani. Gangar jikinta giram 510 ce kacal, a zamanin da ire-irenta ke gajiyar da wuya. Pentax MX ta biyo sawu a 1976, Nikon FM a 1977. A cikin kowace akwai madubi mai nuna wa mai ɗauka ainihin abin da gilashin gaba yake gani.

Falalarsu a bayyane take. Ma'aunin haske kaɗai batir yake ciyarwa; ko ya mutu, aiki bai tsaya ba. Haske da nisa da hannu ake daidaita su, fim kuma bai wuce hoto 36 ba, don haka sai an yi tunani kafin a latsa.

Amma kowane allazi da nasa amanu. A filin kokowa, kafin ka gama daidaitawa an yi kaye. Kuskure ba ya bayyana sai an wanke fim. Zafin bazara na ɓata fim, ƙurar hunturu na kutsawa wajen sauya gilashi. Batirin OM-1 mai zaiba an daina yin sa, fim ya yi tsada, masu wanke shi sun yi ƙaranci.

Saboda haka, malamin da ke son horar da idon ɗalibi ya neme ta. Ƙungiyar da za ta adana bikin da ba a maimaitawa kuwa, kada ta dogara da ita kaɗai.