Wa Ke Ɗaukar Fasto Aiki? Nazari a Kan Al'adar Kira a Ikilisiyar Baftis

A yawancin ɗarikun Kirista da muka sani a ƙasar nan, takarda ce ke kai limamin coci wurin aikinsa. Bishop na Katolika ko na Angilikan zai sa hannu, wanda aka tura ya ɗaure kayansa ya tafi. A ECWA ma majalisar gunduma ce ke yi wa fastoci canjin wurin aiki. 'Yan Baftis kuwa ba su da bishop. Ikilisiya ce da kanta take neman fastonta, ta ɗauke shi, ta biya shi, in zama ya ƙi daɗi ta sallame shi. Wannan al'ada suke ce wa kira, kuma duk wanda bai fahimce ta ba zai sha wahalar gane rayuwar faston Baftis, tun daga ranar da ya shiga makarantar tauhidi har ranar da zai miƙa makullin gidan fasto.

Ga yadda abin yake gudana. Fasto ya tsufa ya ajiye aiki, ko wata ikilisiya ta kira shi ya amsa. Sai a kafa ɗan kwamiti, a shiga addu'a da cigiya. In an sami wanda hankali ya kwanta da shi, a gayyace shi ya yi wa'azi wata Lahadi. Shi ya san jarrabawa yake rubutawa, su ma sun sani. Dattawa na sauraron yadda yake warware aya, matan zumunta na lura da matarsa da yadda take gaisawa da mutane, matasa kuma na duban ko zai iya da su. Bayan haka sai a kira taron ikilisiya, baƙi su fita, waɗanda sunansu ke cikin rajista su zauna. A nan mai sayar da tumatir da babban lauya ƙuri'a ɗaiɗai gare su. A ɗaga hannu, a ƙirga, sakatare ya rubuta wasiƙar kira. Saboda haka ake cewa faston Baftis kira biyu yake amsawa: na Allah, wanda shi kaɗai ya ji a zuciyarsa, da na jama'a, wanda ake ƙirgawa da hannu.

Tushen al'adar

Abin ya samo asali ne daga wasu Turawan Ingila da suka ƙi yarda da cocin gwamnati, suka yi hijira zuwa Amsterdam. A can, cikin 1609, John Smyth da abokansa suka kafa ikilisiyar da ake ɗauka ita ce ta farko ta Baftis. Aƙidarsu ita ce ba a yi wa jariri baftisma, sai wanda ya yi hankali ya furta bangaskiyarsa da bakinsa. Daga wannan aƙida sauran suka biyo. In kowane ɗan ikilisiya da ƙafarsa ya shigo, to yana da ta cewa a sha'anin gidan, kuma babu sarki ko bishop da zai ɗora masa shugaba. Thomas Helwys, abokin Smyth, ya koma Landan ya aika wa Sarki James littafinsa, yana nuna masa cewa ikon sarki bai kai ga lamirin mutane ba. A kurkuku ya ƙare rayuwarsa.

Wannan tsari ya sa mashahuran fastocin Baftis da yawa ba ta tsanin muƙamai suka hau ba. Charles Spurgeon yana ɗan shekara 19 wata ikilisiya a Landan ta kira shi a 1854, ba shi da digiri, ya kuma zauna da ita har rasuwarsa a 1892. Jama'a suka ji wa'azinsa, suka ce shi suke so, magana ta ƙare.

Rigimar albashi a Legas

A Najeriya tarihin ya fara da Thomas Jefferson Bowen, wanda 'yan Baftis na kudancin Amurka suka aiko a 1850. Burinsa ya kutsa can cikin ƙasa. Ya kai Ilori a 1855, Sarki bai ba shi izinin zama ba, sai ya kafa sansani a Ogbomosho, garin da ya zama ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin ɗarikar har yau. A can aka buɗe makarantar tauhidi a 1898.

Sai dai abin da ya fi bayyana halin ɗarikar ya faru ne lokacin da Turawan ba sa nan. Yaƙin basasar Amurka ya karya tattalin arzikin masu aiko da kuɗi, har ta kai daga 1869 zuwa 1875 babu Baturen mishan ko ɗaya a filin. 'Yan ƙasa ne suka riƙe sujada, cikinsu akwai Sarah Harden a Legas da wani saurayi mai suna Moses Ladejo Stone. Da ɗan mishan W. J. David ya iso a 1875, ya tarar da ikilisiya da ranta.

Shekara goma sha uku bayan haka aka yi karon da ya shiga tarihi. Stone, wanda a lokacin shi ne faston ikilisiyar Legas, ya nemi ƙarin albashi bai samu ba, sai ya kama ɗan kasuwanci don ya riƙe iyalinsa. David bai ji daɗin haka ba. Stone ya ajiye aiki, David ya karɓi murabus ɗin ba tare da ya tuntuɓi jama'a ba. Nan fa 'yan ikilisiya suka ce ba za ta saɓu ba: fastonsu ne, su ke da ikon riƙe shi ko sakinsa, kuma wannan koyarwa daga bakin mishan ɗin suka ji ta. Mafi yawansu suka fice a 1888 suka kafa tasu ikilisiyar, wadda daga baya aka sani da Ebenezer. Masana tarihi na lissafa ta a matsayin cocin farko mai cin gashin kansa da 'yan ƙasa suka kafa a Najeriya. Cikin jagororin ficewar akwai David Brown Vincent, wanda ya yar da sunan Turawa ya koma Mojola Agbebi. Da aka sasanta a 1914 aka haɗu cikin ƙungiya guda, shi aka zaɓa shugabanta na farko. A 1919 ƙungiyar ta ɗauki sunan Babban Taron Baftis na Najeriya, wanda 'yan ɗarikar ke kira Konbenshan.

Abin lura a wannan labari shi ne abubuwa uku da suka haɗu a cikinsa: albashin fasto, sana'ar da yake yi a gefe, da tambayar wa ke da ikon sallamarsa. Har gobe su ne ke tayar da ƙura a tarukan ikilisiya.

Yadda ta iso Arewa

Ba mishan ne suka kawo Baftis Arewa ba. Gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita shigar mishan cikin masarautu, amma ba ta hana fatauci ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, 'yan kasuwa da ma'aikatan Yarabawa, da yawansu mutanen Ogbomosho, suka bazu a Zungeru, Minna, Kaduna, Zariya, Jos da Kano. Inda suka sauka sai su taru a ɗakin wani su yi sujada da harshensu. In sun yi yawa su yi karo-karo su gina majami'a, sannan su aika gida a nemo musu fasto. Ikilisiya ce ke riga fasto zuwa, kuma tsarin Baftis ya dace da haka sarai, tunda ba sai an jira izinin kowa ba.

Amma tsarin yana da nasa rauni. Wanda jama'a suka kira, da harshen jama'ar zai yi magana, bukatunsu kuma zai sa a gaba. Shekaru da dama cocin Baftis a Sabon Gari cocin Yarabawa ne a idon maƙwabta. Sai da aka buɗe makarantar horar da fastoci a Kaduna a 1948, ana koyarwa da Hausa, sannan aka fara samun fastoci 'yan ƙasa daga kudancin Kaduna, Filato, Neja da sauran wurare, masu wa'azi da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda aka kammala fassararsa tun 1932. Ghana ta nuna abin da kan faru in ba a yi wannan gyara da wuri ba. Can ma fataken Yarabawa ne suka kafa yawancin majami'un Baftis. Da gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takarda a 1969, sai aka wayi gari majami'u da yawa sun zama kango.

Ladan kuturu

Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Faston Baftis daga baikon Lahadi da zakkar 'yan ikilisiya ake biyansa, kuma dikinoni da kwamitin kuɗi ne ke riƙe da lalitar. To yaya zai tsawata wa attajirin da ya sayi janareto ya kuma yi wa majami'a rufi? Wannan ita ce tambayar da ke bin kowane fasto a wannan ɗarika. Wanda ya cika sassauci ya zama ɗan amshin shatan masu hannu da shuni. Wanda ya cika zafi kuma wata rana zai ji an kira taron gaggawa.

Akwai kuma bambanci mai faɗi tsakanin birni da ƙauye, domin kowace ikilisiya gwargwadon ƙarfinta take biya. Faston babbar majami'a a Abuja ko Legas yana da mota da ofis da mataimaka. Takwaransa na ƙauye, wanda wataƙila aji ɗaya suka zauna, yana da gona da tsohon babur. Da asubar Lahadi zai yi sujada a nan, ya hau babur ya tafi wani ƙauyen da ba su da mai bishara, ya dawo da yamma ya zauna sulhunta miji da mata. Ran Litinin yana gona kamar kowa. Da kaka, lokacin baikon godiya, za a tara masa damin dawa da kwanon wake, wani lokaci abin da zai ci har bazara ke nan. Ranar baftisma shi ne zai shiga rafi har ƙugu, ya nitsar da masu tuba ɗaya bayan ɗaya, jama'a na waƙa a bakin gaɓa. In ya tsufa kuma gidan da ya rayu a ciki na ikilisiya ne, sabon fasto na jiran makulli.

Duk da haka, igiyar da ta ɗaure fasto ga jama'arsa ita ce ke kwance shi daga hannun hukuma. Misali mafi shahara yana Montgomery ta jihar Alabama a Amurka. Ikilisiyar Dexter Avenue ta baƙaƙen fata ta gaji da fastonta Vernon Johns, mutum mai ilimi da kaifin harshe, wanda har kayan gona yakan kasa yana sayarwa a bakin majami'a, abin da manyan ikilisiyar suka ga zubar da girma ne. Suka karɓi murabus ɗinsa, suka nemi matashi mai natsuwa. A 1954 suka saurari wa'azin wani ɗan shekara 25 mai suna Martin Luther King, suka kira shi. Da baƙaƙen fata suka fara ƙaurace wa motocin safa na garin don adawa da wariyar launin fata a Disamban 1955, shi aka sa gaba. Malamin makaranta ko ma'aikacin gwamnati da ya yi haka, farar fata za su kore shi daga aiki washegari. King kuwa albashinsa daga aljihun baƙaƙen fata yake fitowa, babu Baturen da zai iya tsayar da shi. Ikilisiyar da ta sallami fasto saboda tana ganin ya cika rigima, ita ce ta ɗauko wanda ya girgiza ƙasar baki ɗaya.

Daga mumbari zuwa ofis

Fasto na iya wuce ikilisiya guda ya riƙe muƙami a ƙungiyar yanki, ko a taron jiha, ko a hedikwatar Konbenshan da ke Ibadan. J. T. Ayorinde ne ɗan Najeriya na farko da ya zama babban sakatare, bayan Turawan mishan sun daɗe suna riƙe da kujerar. A zamanin nan Samson Ayokunle ya jagoranci Konbenshan daga 2011 zuwa 2021, ya kuma shugabanci Ƙungiyar Kiristocin Najeriya, sannan Israel Akanji ya gaje shi. Sai dai ko shugaban Konbenshan ba bishop ba ne. Zaɓensa ake yi, wa'adi gare shi, kuma a ƙa'ida shawara da lallashi ne makamansa a kan ikilisiyoyi.

A Arewa aikin ya ƙara nauyin da ba a koyar da shi a aji. Rikicin Kaduna na Fabrairun 2000, wanda ya ci rayukan Musulmi da Kirista masu yawa, ya ƙone gine-ginen makarantar tauhidin Baftis da ke Kawo. A Yulin 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da ɗari daga makarantar sakandaren Bethel Baptist a ƙaramar hukumar Chikun. Fastoci ne suka zauna da iyaye wata da watanni, ana sako yaran kashi-kashi.

Wani matsin kuma daga cikin gida yake. Sababbin coci-coci sun yawaita inda wanda ya kafa shi ne mai coci, maganarsa ita ce doka, hotonsa ne a allon bakin titi. Matashin faston Baftis na ganin haka, ga shi kuma shi sai ya nemi amincewar taro kafin ya sayi kujeru. Wasu sukan fara kwaikwayo, su mayar da taron ikilisiya wurin sanar da abin da aka riga aka yanke. Jama'a ma wani lokaci sun fi son haka, domin zaman taro akwai gajiya da gardama.

Amma tarihin ɗarikar a ƙasar nan ya riga ya nuna inda ƙarfinta yake. Shekara shida ta yi babu mishan ba ta mutu ba, ta kuma bi layin dogo har Kano babu wanda ya aike ta, duk saboda talakawan cikinta sun saba ɗaukar ikilisiya a matsayin kayansu. Don haka in ana son a auna aikin faston Baftis, girman ginin da ya bari ba zai wadatar ba. A jira Lahadin farko bayan tafiyarsa, a ga ko akwai wanda zai hau mumbari, da wanda zai buɗe littafin kuɗi a gaban kowa, da jama'ar da ta san yadda ake zama a ɗaga hannu a kira wani.