Jinjina ga masu kwalekwalen Malanville

Da aka rufe gadar da ta haɗa Malanville ta Binin da Gaya ta Nijar bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, mu 'yan Nijar mazauna Binin sai muka koma bin ruwa don zuwa gida. Masu kwalekwale ne suka ɗauke mana wannan nauyi.

Kwanan baya na tashi zuwa Yamai ganin abokan makaranta da muka daɗe da rabuwa. Da asuba na sauka bakin Kogin Kwara. Matuƙin kwalekwalen, wandonsa naɗe har gwiwa, ya karɓi jakata, sannan ya riƙe hannun wata tsohuwa ya zaunar da ita tsakanin buhunan masara. "Inna, zauna tsakiya, kada ki ji tsoro," in ji shi. Yaronsa kuwa bai huta da kwarfar ruwa ba har muka tsallake.

Daren ranar ina Yamai tare da abokaina, ga shayi ga kilishi, ana tuna baya har dare ya raba. Ba don masu kwalekwalen nan ba, da sai dai gaisuwar waya.

Allah ya tsare su. Hukumomin ƙasashen biyu kuma su taimaka musu da rigunan kariya daga nutsewa.