Aikin Taimako a Honduras Bayan Guguwa

A watan Oktoba na 1998 guguwar da ake kira Mitch ta auka wa ƙasashen Amurka ta Tsakiya. Mutane fiye da 11,000 suka mutu, wajen 7,000 a Honduras kaɗai.

Ikkilisiyoyin Amurka da Kanada suka yi ta aika ƙungiyoyin masu bi, su yi mako ɗaya ko biyu suna gina gidaje. Niyyarsu ba abin zargi ba ce, amma aikin Ubangiji ma yana bukatar lissafi.

Daga baya Kurt Ver Beek, malami a Kwalejin Calvin, ya bi sawun aikin. Ya tarar ƙungiya ɗaya takan kashe kamar dala 30,000, har da kuɗin jirgi da masauki, a kan gidan da 'yan ƙasa za su gama da dala 2,000. Wato kuɗin gida 15 ya ƙare a gida ɗaya, alhali iyalai suna jiran wurin kwana.

Waɗansu sukan ce tafiyar tana buɗe zuciyar wanda ya je. Amma binciken ya nuna baikon matafiyan bai ƙaru sosai ba bayan sun koma.

Da yunwa ta tunkaro Yahudiya, masu bi na Antakiya ba su ɗunguma zuwa can ba. Gudummawa suka tara, suka ba Barnaba da Shawulu su kai wa dattawan ikkilisiya. Mutum biyu sun isa. 'Yan'uwa, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Idan za a taimake shi, a sa kuɗin gyaran a hannunsa.