Gasar Faɗa Wa Mutum Kuskurensa

Yau kam ba labarin soyayya na kawo muku ba, wata gasa nake so mu zauna mu tankaɗe mu rairaye, gasar da ba a cin ta sai an iya faɗa wa mutum kuskurensa a gaban idonsa.

Akwai wata ƙungiya ta koyon magana a bainar jama'a mai suna Toastmasters, wadda wani Ba'amurke, Ralph Smedley, ya kafa a garin Santa Ana na jihar Kalifoniya cikin shekarar 1924, ta kuma yi rassa a ƙasashe fiye da 100, har da Nijeriya. Sai a 1973 aka yarda mata su shiga. Kafin nan wata baiwar Allah, Helen Blanchard, ta shige a 1970 aka rubuta ta da sunan namiji, wai Homer, kuma ita ce ta zo ta zama mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar baki ɗaya a 1985. Kun ji fa!

To, cikin gasanninsu akwai ta sharhin jawabi. Za a kawo mutum ɗaya ya yi jawabi na minti 5 zuwa 7, 'yan takara na saurare suna rubutu. Da ya gama sai a fita da su waje, a ba su minti 5 kacal su tsara abin da za su faɗa, sannan a riƙa kiran su ɗaya bayan ɗaya, wanda bai shigo ba ba ya jin abin da na gabansa ya ce. Kowa minti 2 zuwa 3 gare shi. Ga mai kula da lokaci can da fitilunsa, koriya, rawaya da ja, wanda ya wuce minti 3 da rabi ya faɗi ko da zuma ce ke zuba daga bakinsa.

Abin da ya burge ni shi ne rabon makin. Cikin 100, an ba zurfin nazari 40, shawarar gyara 30, salon faɗa 15, taƙaitawa 15. Wato kashi 70 yana kan tambaya biyu: me kika gani, kuma yaya za a gyara? Mu ƙaddara wata ta yi jawabi kan ranar da aka kai ta gidan miji. Idan kika tashi kika ce, "Kai, jawabin ya yi daɗi, sai dai a ƙara ƙoƙari," ba ki ce komai ba. Amma idan kika ce, "'Yar uwa, inda kika zo maganar mahaifiyarki ta juya ta bar ki a ɗaki, nan ne zuciyar labarin, sai kika wuce shi da gudu kina kallon ƙasa. In za ki sake, ki tsaya a wurin, ki ɗaga kai ki dube mu, ki bar shiru ya ɗan zauna," to kin ba ta abin da za ta tafi da shi gida.

Ni da nake rubutu na san zafin rashin wannan. Wani zai ce miki littafinki bai yi ma'ana ba, ki ce wane shafi, sai ya hau kame-kame. Haka ma a gidajenmu, a ce wa amarya ba ta iya miya ba, alhali daddawa ce kawai ta yi yawa, amma babu mai faɗa mata.

Sai dai fa ba zan ɓoye muku ba, akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. A zaman ƙungiyar na yau da kullum mutum ɗaya ne ke yi wa jawabi sharhi, kuma don mai jawabin yake yi. A gasa kuwa kowa kofi yake nema, don haka bakinsa na wajen mai jawabi, idonsa na kan alƙalai. Ita baiwar Allahn da ta yi jawabin tana nan zaune, mutum biyar ko shida su zo bi da bi, kuma tunda ba wanda ya ji na wani, sai kowa ya sake dangwalar gyambo ɗaya. Wannan ya ce tana murza hannu, wancan ya ce tana murza hannu, ita kuwa sai murmushin yaƙe. An ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, na yarda, amma in mutum shida suka faɗa miki a jere ai kya fara tunanin sauke kayan.

Sannan minti 5 ɗin nan sun yi kaɗan ga tunani, shi ya sa da yawa ke zuwa da ma'auninsu tun daga gida: yabo a farko, gyara a tsakiya, yabo a ƙarshe. Ba laifi ba ne a fara da alheri. Laifin shi ne yabon ya zama na dole, wanda za a iya liƙa wa kowane jawabi, irin "muryarki ta fita sosai". Mace ai ta san yabon da ake yi don share fagen suka, tun kafin a ce "amma" gabanta ya riga ya faɗi, ba za ta ma ji sauran ba.

Duk da haka, in kin sami hali ki shiga, ko don ki koyi saurare da biro a hannu, wanda yawancinmu ba mu iya ba, muna jiran mutum ya yi shiru ne kawai mu faɗi namu. Amma da ni ce ke tsara dokar, da na yanki maki 10 daga hannun alƙalai na miƙa wa wadda aka yi wa sharhin, in ce ta rubuta a ɓoye wane ne cikin shidan nan ya faɗa mata abin da za ta iya aiki da shi a jawabinta na gaba.