Daga Tsakar Gida Zuwa Fada: Tafiyar Ruwan Bagaja

A yau in aka ambaci Ruwan Bagaja a gaban ɗalibin sakandare a birnin Katsina, abin da zai faɗo masa a rai shi ne Alhaji Imam da abokin karawarsa Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Da wuya ya tuna da wata yarinya 'yar bora ɗauke da buzu a ka, tana bin daji tana tambayar kowane kogi sunansa. Alhali kuwa ita ce ta fara kai wa ga wannan ruwa, tun kafin a san za a yi boko a ƙasar Hausa. Wannan maƙala za ta bi sawun sunan daga bakin tsofaffi zuwa takarda, domin a ga abin da ya zube a hanya da abin da ya ƙi zubewa.

Tatsuniyar, kamar yadda aka fi bayar da ita, ta wani magidanci ce mai mata biyu, mowa da bora, kowace da 'yarta. Wata rana da dare 'yar mowa ta ɓata shimfiɗa, da gari ya waye aka ɗora wa 'yar bora laifin, aka ce ba inda za ta wanke sai a Ruwan Bagaja. Ta kama hanya. Kogunan da ta tarar na abinci ne da abin sha, kowanne ya yi mata tayi ta ƙi taɓawa, har ta isa inda aka aike ta. Bayan ta yi wankin sai hadari ya kora ta wata bukka, inda ta iske Cinya da Kare. Cinya ba ta da baki, gurnani kawai take yi, Kare ne tafintanta. Yarinya ba ta yi dariya ba, ta yi duk abin da aka sa ta. Da za ta tafi aka ba ta zaɓin ƙwai, ta ɗauki ƙarami, ta fasa inda aka umarce ta, sai ga dawaki da dukiya da jama'a. Mowa ta gani ta tura tata 'yar, wadda ta ci kowane kogi, ta yi wa Cinya ba'a, ta zaɓi babban ƙwai, ta komo gida da masifa.

Wannan zubi ba na Hausawa kaɗai ba ne. Masana tatsuniyoyin duniya sun ba shi lamba 480 a jadawalin Aarne da Thompson, wato labarin yarinya mai kirki da maras kirki, kuma a 1958 Warren Roberts ya yi littafi guda a kansa. A Faransa Charles Perrault ya buga irinsa a 1697, inda lu'ulu'u ke zuba daga bakin ɗaya, kwaɗi da macizai daga bakin ɗayar. A Jamus 'yan'uwan nan Grimm sun sa "Frau Holle" a kundinsu na 1812. Wanda ya fi kama da namu ma a Amurka yake: a ƙarshen ƙarni na 19 Alcée Fortier ya rubuta wani labari daga bakin mutanen Louisiana, wanda a cikinsa ƙwai ne ladan yarinyar, kuma zaɓin ƙwan ne ke raba mai rabo da maras rabo. Duk wanda ya san inda kakannin baƙaƙen wannan yanki suka fito ba zai yi mamaki ba.

To amma neman wanda ya ara daga wani bai kai muhimmancin duba abin da kowace al'umma ta zuba a cikin ƙwaryar ba. A labarin Jamusawa matar gidan bazawara ce, yarinyar kuma 'yar riƙo, ba uwa ba uba. A na Hausawa kowa yana raye. Uwar yarinya tana tsakar gida tana kallo, ba ta da ta cewa domin ita ce bora. Uban yana nan, shirunsa ne ma ya ba zaluncin ƙafa. Ke nan tatsuniyar ba ta maraici ba ce, ta rashin adalci ce a gidan mata biyu. In aka tuna su wane ne ke bayar da tatsuniya, wato iyaye mata da kakanni bayan sallar lisha, sai a gane cewa wannan ƙara ce da aka shigar cikin hikima a gaban alƙalan gobe. Mai nazarin da ya ce jigon labarin ladabi da biyayya ne kawai ya faɗi rabin gaskiya. Ladabin yarinya makaminta ne, amma abin da ya fitar da ita daga gida ƙazafi ne, kuma abin da ta je yi wanki ne, na buzu da na suna.

Sai rubutu ya zo. Frank Edgar ya buga tarin tatsuniyoyin Hausa cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913, yawancinsu daga alƙalamin malamai maza da suka rubuta masa da ajami. Tun daga nan labaran mata suka fara ratsa hannun maza kafin su kai ga mai karatu. Babban juyi kuwa a Katsina ya faru. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai. Abubakar Imam, haifaffen Kagara a 1911, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, yana koyarwa a Makarantar Midil ta birnin a lokacin. Yana ɗan shekara 22 ya aika da labarinsa, ya shiga sahun waɗanda aka zaɓa tare da Ganɗoki na wansa Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Imam ya ɗauki sunan ya bar yarinyar. Tauraronsa namiji ne, mai wayo da ƙarya da tsokana, halayen da a tatsuniyar su ne suka kai 'yar mowa ga halaka. Ruwan ma ya sake aiki: ya tashi daga na wanki ya koma magani da za a kawo wa ɗan sarki maras lafiya, kusan kamar yadda yake a "Ruwan Rayuwa" na Grimm, inda sarkin ne da kansa ba shi da lafiya. Karon battar Alhaji Imam da Zurƙe daga gari zuwa gari kuwa ya fi kusa da Maƙamatul Hariri, littafin da duk ɗan gidan malamai irin Imam ya san ƙamshinsa. Manazarta sun daɗe suna lissafa waɗannan arace-arace, wasu har da ɗan zargi a murya.

Abin da lissafin yakan tsallake shi ne dalilin fitar Alhaji Imam. Liman ne ya faɗa a fada cewa Ruwan Bagaja zai warkar da Yarima, aka mayar da maganarsa abin dariya, aka kunyata shi a bainar jama'a. Alhaji ya fita ne domin ya wanke Liman. A nan ƙashin bayan tsohuwar tatsuniyar yake tsaye bai karye ba: an ɗora wa mai gaskiya ƙarya, babu kuma abin da zai cire ta sai ruwan da yake can ƙarshen duniya. Imam ya ɗauke ƙazafin daga tsakar gida ya kai shi fada, ya musanya buzu da rawani. A ganina wannan ne ya sa littafin ya kwanta wa Bahaushe a rai duk da baƙin kayan da ke cikinsa.

Sai dai musanyar ta ci wani abu. Alhaji Imam yana da baki, yana ramawa, shi ne ma mai ba da labarin kansa a gaban Koje Sarkin Labari. 'Yar bora ba ta da wannan gata, nasararta duka a kame kai take, kuma zafin tatsuniyar daga nan yake fitowa. Da Ibrahim Yaro Yahaya ya shirya Tatsuniyoyi da Wasanni domin 'yan firamare a farkon shekarun 1970, an sami hanyar mayar da irin waɗannan labarai ga yara, amma a aji, da rana, daga bakin malami mai neman a faɗa masa darasi a ƙarshe. Malami zai tambayi ɗalibi abin da ya sa 'yar mowa ta taɓe, a amsa masa da rashin kunya, a ba da maki. Uban da ya ji ƙazafin ya yi shiru ba ya fitowa a takardar jarrabawa.